Sunan da Malam Muntaka Bai Kira Ba

Akwai wani aibi da ya yi yawa a cikinmu, kuma abin da ya sa yake da wuyar magani shi ne yakan zo sanye da rigar kyawawan halaye. Mutum yakan ji tsoron yanke hukunci, sai ya kira tsoron nasa ladabi. Nauyi ya faɗo a kansa, sai ya tuna yana da na gaba, ya ɗauka da hannu biyu ya kai masa, ya dawo gida yana ganin ya yi biyayya. Na gaban shi ma ɗan Adam ne, sai ya tuna akwai kara, ya mayar da nauyin inda ya fito. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, babu wanda ya yi fitsara, amma abin da ya wajaba a yi ba a yi shi ba. Kunya alheri ce, wannan babu jayayya. Sai dai ana auna hali ne da abin da ya tsare, kuma halin da ya tsare mutuncin manya ya bar yaro kwance cikin ciwo ya cancanci a sake dubansa. Rayuwar Malam Muntaka na Tudun Wada ta isa misali, ba don ya fi kowa laifi ba, sai don da zuciya ɗaya ya yi kuskurensa.

A Tudun Wada aka haife shi, shi ne auta a ɗakinsu. Yana da shekara goma sha biyu mahaifinsu ya rasu, sai riƙonsa ya koma hannun wansa Alhaji Isiyaku, wanda ya girme shi da shekara goma sha bakwai, yake kuma zaune a Tudun Jukun yana sayar da hatsi. Isiyaku ne ya kai shi koyon aiki a wata maɗaba'a, shi ya kama masa shago a kusa da unguwar Kongo, inda ɗalibai suke da yawa, shi ya nema masa auren Ishatu. Saboda haka ko da furfura ta fara fito wa Muntaka, bai taɓa zama a kujera ba in wansa yana tsaye.

Sana'arsa ɗinke littattafai ce da yi musu bango. Ɗaliban da suka kammala karatu sukan kawo masa kundinsu, ya jera shafuka, ya ɗinke da zare, ya shafa gam, ya matse, ya datse gefe da injin yanka, sannan ya buga suna a bango da haruffan tagulla masu barin zanen ruwan zinariya. An san shi da tsanani a aiki. In ya ga shafi na arba'in ya riga na talatin da tara, sai ya mayar wa ɗalibi kayansa ko da gobe ne ranar miƙawa. Amma in ya gama awo, ba ya jinkiri wajen sauke wuƙar injin, ko da yake ya san abin da aka datse ba ya komawa. Wannan ya kamata a riƙe shi, domin ya nuna cewa mutumin ba rago ba ne a ɗabi'arsa.

'Yarsu ta fari ita ce Jannatu. Bisa al'adar gidansu, 'yar fari ba ta iyayenta ba ce a bainar jama'a. Ba sa kiran sunanta, ba sa yi mata wasa a gaban mutane, ba sa tsoma baki a al'amarinta in akwai manya. Isiyaku ne ya raɗa mata suna, a gidansa aka yaye ta, a can ta zauna har ta kai shekara bakwai, sannan aka dawo da ita Tudun Wada saboda makaranta. Shi take kira Baba. Mahaifinta kuwa Malam take ce masa, kamar yadda ta ji uwarta tana faɗa. Shi kuma in zai kira ta sai ya ce "ke", in zai ambace ta sai ya ce "'yar Yaya". Ba wai ba ya son ta ba ne. Duk farkon zangon karatu yakan kwashe littattafan rubutunta ya tafi da su shago, ya yi musu bango mai kauri irin na masu digiri, ya jera haruffa bakwai ya buga sunanta da ruwan zinariya. Hannunsa ya iya sunan sarai, bakinsa ne bai taɓa furta shi ba. In ya dawo da la'asar, yakan zauna a bakin ƙofar ɗakin Ishatu ya yi shiru yana kallon yarinyar tana aikin makaranta, ita ma ta san yana nan, kuma a wurinsu wannan ita ce hira.

Tana da shekara goma sha ɗaya ciwon kai ya fara tashinta da safe, da amai. Aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi na taifot, aka sha rubutu, aka yanka mata tabarau. Muntaka ne ya fara lura cewa rubutunta ya daina bin layi, yana gangarawa ƙasa kamar an karkata littafin, domin idon mai jera shafuka ba ya kuskure irin wannan. Ya gani, ya yi kwana goma bai faɗa ba. Da ya faɗa, ga abin da ya ce wa matarsa: "A gaya wa Yaya yarinyar nan tana bukatar babban asibiti."

A babban asibiti aka ɗauki hoton kanta. Likitar da ta zaunar da su sunanta Keziya Kato, 'yar Wusasa, mace mai gajeriyar magana. Ta ɗaga hoton ta nuna musu wani farin dunƙule, ta ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, kuma alamu sun nuna na cutar daji ne. Ta ce hanya biyu ce. Ta farko a buɗe kan a cire abin da za a iya cirewa, daga baya a yi gashi da na'ura. A wannan hanya yarinya tana iya rasuwa a kan gadon aiki, tana iya tashi da raunin ɓari ɗaya, tana kuma iya samun shekaru. Ta biyu a bar shi, a riƙa ba ta maganin rage zafi, ƙarin kuwa zai ci gaba da danne jijiyoyin ido, sannan sauran.

"Ba na yi muku alkawarin warkewa," in ji ta. "Akwai gurbi ranar Talata ta sama, kwana goma sha biyu ke nan. Ga takardar amincewa. Uba ne zai sa hannu."

Muntaka ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya ce, "Za a kai wa mai ita."

Likita ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, ba kai ne mahaifinta ba?"

"Akwai Yayana."

"Na gane," ta ce. "Ku yi shawara. Amma abin da ke cikin kan nan bai san yaya da ƙane ba."

Ya kamata a faɗa tun nan cewa ba rashin abin hannu ne ya tsayar da al'amarin ba, domin dangi da abokan sana'a sun tsaya a kan wannan tun makon farko. Abin da ya rage kawai sa hannu ne.

Ya sa takardar a cikin leda mai kauri don kada ta yi datti, ya kai ta Tudun Jukun ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan. Alhaji Isiyaku ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Ikon Allah. A fasa kan yarinya kamar kwakwa? Bar takardar a nan, in yi istihara."

Bayan kwana biyar ya aiko da ita, da saƙon cewa Muntaka ne uba, abin da ya gani shi ne daidai. Washegari Muntaka ya rufe shago ya mayar da ita da kansa.

"Yaya, ni ina da 'ya a gabanka? Kai ka raɗa mata suna, a gidanka ta yi wayo."

"Kai dai tun kana yaro haka kake," in ji Isiyaku. "In aka ba ka tuwo sai ka tambayi wa zai fara sa hannu. To, akwai wani tsohon ma'aikacin asibiti a Dutsen Abba, bari in ji ta bakinsa."

Tsohon ma'aikacin ya ce ya taɓa ganin wanda aka yi wa irin aikin ya tashi, ya kuma ga wanda bai tashi ba. Wannan bai ƙara wa kowa ilmi ba. Takarda ta sake dawowa Tudun Wada, ta sake komawa. Talata ta zo ta wuce, aka ba wani majinyaci gurbin, kamar yadda ya dace.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi wa mutanen biyu adalci, a kuma faɗi gaskiya a kansu. Abin da Isiyaku yake faɗa shi ne ba ya son ya yi wa ƙanensa shisshigi. Abin da yake tsoro shi ne yarinya ta mutu a ƙarƙashin wuƙa, a ce babban wa ya kashe 'yar ƙanensa da alƙalami. Abin da Muntaka yake faɗa shi ne ba ya son ya tsallake wanda ya riƙe shi. Abin da yake tsoro shi ne ya rayu sauran kwanakinsa yana kallon hannun da ya sa a takardar. Kowannensu ya ɗauka cewa in bai sa hannu ba, bai zaɓi komai ba. Wannan shi ne kuskuren lissafinsu. Likita ta ce hanya biyu ce, kuma duk ranar da takarda ta kwana a aljihu, hanya ta biyu ake bi, ba tare da wani ya amsa cewa shi ya zaɓe ta ba.

Gidan kuwa ya cika da 'yan dubiya. Kowa ya zo da lemo da labari. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce akwai mai magani a wani ƙauye da ke fitar da irin wannan ta hanci, wani ya ce Turawa ma ba sa taɓa ƙwaƙwalwa. Ishatu ta gaji da shimfiɗa tabarma da naɗewa, ta gaji da cewa "da sauƙi" alhali babu sauƙin. Ita ma kunyar 'yar fari ta ɗaure mata baki, ga kuma kunyar miji da ta wansa. Sau ɗaya kawai ta yi magana, tana miƙa masa koko da safe, ba ta dube shi ba.

"Malam, takardar nan fa ta fi mai ciwon ganin gari."

Ya ajiye kofin bai sha ba, ya tafi shago. A makon nan ya datse kundin wani ɗalibi a karkace, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara ashirin.

Ranar da al'amarin ya juya, wata Laraba ce da la'asar, mako na huɗu da karɓar takarda. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofa kamar kullum. Jannatu tana kwance a kan katifa, fuskarta tana fuskantar ƙofar, idanunta a buɗe, rana kuma tana haska tsakar gida sosai. Ya kai rabin sa'a a zaune. Can sai ta ɗaga murya.

"Inna, yau Malam bai dawo ba ne?"

Ishatu tana bakin murhu, ta juyo, ludayi a hannu. Muntaka ya yi gyaran murya.

"Wane ne?"

"Ni ne."

"Lah, Malam! Tun yaushe?" Ta yi 'yar dariya. "To ka riƙa magana mana. Da can ina ganinka. Yanzu in ka yi shiru, babu kai."

Ya matsa kusa, ya ɗaga yatsu a gaban fuskarta. Idon bai bi su ba.

"An ce wata takarda ake jira," ta ce. "Tana wurin Baba ko tana wurinka?"

"Ana shawara."

"A gaya wa masu shawarar su yi sauri. Ni na gaji."

Bai jira ya ci abinci ba. Ya hau babur ɗin haya zuwa Tudun Jukun, ya tarar da wansa a ƙofar gida yana alwala. A karo na farko a rayuwarsa bai durƙusa ba.

"Yaya, na zo karɓar takarda. Zan sa hannu."

Isiyaku ya shiga ya ɗauko ta da sauri irin na wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ya ce, "Ai da ka yi haka tun farko."

"Da ka ce in yi."

Suka tsaya suna kallon ƙasa. Kowannensu ya ji gaskiyar ɗan'uwansa.

Washegari a ofishin likita ya zare takardar daga leda, tsaf kamar ranar da aka ba shi, ya sa hannu. Likita Keziya ta ce a tabbatar mata da sunan majinyaciya. Ya nuna mata layin da yatsa.

"Na iya karatu, Malam," ta ce. "Ni ma 'yar fari ce. Mahaifina har ya koma ga Ubangiji 'ke' yake ce mini, a coci ma haka. Ban riƙe shi a zuciya ba. Amma bayan aiki za mu bukaci muryar da ta sani ta kira ta da sunanta, mu ga ko za ta amsa. Ka fara koyo."

Sai ya yi tambayar da ta hana shi sakat. "Likita, da an yi a waccan Talatar, da idon ya tsira?"

"Ban sani ba," ta ce. "Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma ko an yi a ranar, haka za ta kasance. Ba zan ce maka e don in hukunta ka ba, ba kuma zan ce a'a don in lallashe ka ba."

Aka yi aikin bayan kwana takwas, aka shafe sa'a bakwai. Da aka ba su izinin shiga, kanta a naɗe da farin bandeji, Isiyaku yana tsaye a gefe ɗaya, Ishatu a ɗaya gefen. Ma'aikaciyar jinya ta dubi Muntaka. Shi kuma, bisa sabo, ya dubi wansa. Isiyaku ya kawar da kai ya kalli bango, kuma wannan ita ce kara mafi amfani da ya taɓa yi masa.

"Jannatu," in ji Muntaka. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ya sake. "Jannatu."

Leɓenta ya motsa. Sai da suka sunkuya suka ji abin da take cewa. "Malam ne? Ashe ka san sunan."

Ganinta bai dawo ba, sai dai ta bambance haske da duhu. Aka yi mako shida ana gashi da na'ura, kullum shi yake kai ta a keke mai ƙafa uku, yana riƙe da kafaɗarta, yana gaya mata inda suka kai, tunda ta hana shi shiru. Mutumin da bai saba magana ba ya koyi bayyana hanya: ga masu lemo, ga gada, ga wata akuya ta hau kan buhunan wani. Gashinta ya zube, ta rame, ta ce ko ba komai an huta da kitso. Ta samu wata goma na sauƙi. Ta koma Islamiyya tana haddace abin da ake karantawa da ka.

Sannan ciwon kan ya dawo, hoto ya nuna ƙarin ya sake tsirowa, a wuri mai zurfi. Likita ta sake shimfiɗa hanya biyu, ta ce a wannan karon aiki na biyu wahalarsa tabbas ce, amfaninsa kuwa ƙanƙane ne ƙwarai. Ta tura masa takarda. Muntaka ya yi tambaya huɗu, ya saurari amsa. Ya juya ya tambayi Ishatu a gaban likita, ta ce ita dai ba ta son a ƙara yanka ta. Ya fita baranda inda yarinyar take zaune, ya gaya mata yadda abin yake, bai rage ba.

"In an sake, zan gani?" ta tambaya.

"A'a."

"To mu tafi gida, Malam."

Ya koma ya mayar wa likita takardarta ba sa hannu, ya ce, "Na zaɓi gida. Ni na zaɓa." Da yamma ya je Tudun Jukun ya sanar da wansa, sanarwa ba neman izini ba. Waɗanda suka zarge shi a karon farko cewa ya bari an fasa kan yarinya, su ne suka zarge shi a karo na biyu cewa ya hana a yi mata aiki. Bambancin da ke tsakanin jinkirinsa na farko da ƙin da ya yi na biyu a bayyane yake ga mai tunani: a duka biyun ba a sa hannu ba, amma a na biyu akwai wanda ya tsaya ya ce shi ne.

Jannatu ta rasu a cikin watan Sha'aban, da hantsi, saura kaɗan ta cika shekara goma sha uku. A zaman makoki, masu gaisuwa suka riƙa wucewa wurin Alhaji Isiyaku, kamar yadda aka saba, shi kuma ya riƙa nuna musu ƙanensa. Duk wanda ya yi masa ta'aziyya, Muntaka yakan ce, "Jannatu ta riga mu. A sa ta a addu'a." Wasu dattawa suka ce baƙin ciki ya sa ya manta da kunyar 'yar fari.

Yana nan a shagonsa na Kongo har yanzu, ya rame, hannunsa ya rage sauri, ya daina faɗa da ɗalibai a kan shafuka, sai dai ya gyara musu jerin da kansa. Yana zuwa Tudun Jukun duk Juma'a, yana durƙusawa kamar da, amma shi da wansa ba su taɓa komawa kan zancen makonnin nan huɗu ba. Tambayar da ya yi wa likita bai sake yi wa kowa ita ba, domin ya gane babu mai amsarta a duniya. Haruffan tagulla bakwai ɗin nan bai mayar da su cikin 'yan'uwansu ba, suna ɗaure da zare a cikin aljihun tebur. In aiki ya bukaci ɗaya daga cikinsu kuma na akwati suka gaza, yakan rufe shago ya taka zuwa maɗaba'ar da ke bayan layi ya aro.